Ranar da Dok-im Ta Ɗaure Bakin Ragarta

Samchun Dok-im ba ta son dolfin. Gara in faɗi wannan tun farko, domin tun da masu kyamara suka gano hanyar ƙauyenmu, akwai masu ba da labarinta kamar wata uwar dabbobin teku. Ba haka ba ne. Ta fi shekara sittin tana nutso a tekun tsibirin Jeju, kuma abin da ta sani game da dolfin, dabbobin nan masu kama da manyan kifaye, a duk tsawon shekarun nan shi ne ɓarayi ne masu fara'a. Su zo garke guda, su firgita mace tana can ƙasa numfashinta ya kusa ƙarewa, su fizge abin da ta kamo, su wuce suna tsalle-tsalle. Idan suka doso, matan sukan rungume gorunan da suke shawagi a kai, su yi ta kira, "Ta ƙasa, ta ƙasa," wato su bi ta ƙarƙashi su wuce, kada su taɓa kowa. Haka iyayenmu suka yi, haka kakanninmu, kuma yawanci sukan bi ta ƙasan.

Ni sunana Yong-sil, amma ita ba ta taɓa kirana da shi ba. 'Yar Ok-hwa take ce mini, da sunan mahaifiyata, ko da yake na haura arba'in, mahaifiyar tawa kuma ta daɗe a ƙasa. Mu kuma Samchun muke ce mata, kamar yadda ake ce wa kowane babba a tsibirin nan, dangi ne ko ba dangi ba.

Tana 'yar shekara tara uwarta ta miƙa mata gora ta tura ta ruwa. Tana da ashirin da ɗaya ta auri wani masunci wanda ya fi sanin hanyar mashaya a kan ta tashar jirgi, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, na ƙarshen yana goye. A lokacin ba ta kai ko matsakaiciya ba a nutso. Haihuwa ta cinye mata numfashi, sai ta sauka ta taso hannu wofi. Amma sau da yawa in ta taso ta kama goranta, sai ta ji ragar da ke rataye a jikinsa ta yi nauyi. Wata rana katantanwa huɗu, wata rana muno guda, dabbar nan mai hannu takwas. Gesok ke nan. Babbar mai nutso ta ɗebi daga nata ta zuba a ragar mai rauni, kuma ƙa'idarsa a yi shi lokacin da mai ragar take ƙarƙashin ruwa. Ba a faɗa, ba a tambaya, ba a godiya. Wadda ta bayar ko ƙawarta ba ta gaya wa. Da abin da hannun da ba ta gani ba ya zuba mata Dok-im ta ciyar da yaran nan shekara uku, har ƙirjinta ya dawo.

Da ya dawo kuwa, ya dawo da gaske. Ta kai tana sauka gaba goma sha biyu, ta riƙe shugabancin masu nutson ƙauyenmu fiye da shekara ashirin. Teku ya karɓi ladansa a kunnuwanta, shi ya sa hirarta ta yau da kullum ana jin ta daga bayan katangar gonar lemonta. Kowace safiya sai ta haɗiyi garin maganin ciwon kai kafin ta sa rigar roba ta nutso. Kowa ya lura ragarta takan fito da sauƙi fiye da yadda ya kamata ga mai numfashi irin nata, kowa ya san dalili, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga zancen.

Ni na ga abin da teku ya yi wa mahaifiyata, na rantse ba zan shiga ba. Abin dariya, sai ga ni na ƙare cikin rigar roba duk da haka, sai dai ruwana na cikin siminti ne. Shekara tara na yi a wani gidan wasan dabbobin ruwa da ke wancan gefen tsibirin, usur a wuya, bokitin daskararren kifi a hannu. Dolfin ɗin da aka ba ni mace ce, Arong. Tana ƙarama ta faɗa komar masunta a tekun nan namu, maimakon a sake ta sai aka bi da ita ta bayan fage aka kai ta can. Sau huɗu a rana in busa usur ta yi tsalle, in busa ta gaida jama'a, in jefa mata kifi. Ina son ta, kuma na daɗe ina amfani da son nan ina rufe wa kaina ido.

Haƙoranta ne suka buɗe mini idon. Wata safiya na buɗe bakinta zan ba ta magani, na ga na gaba sun cinye har sun kusa dasashi. Ashe in an tashi daga wasa, gefen simintin take gwaguya. Na gaya wa manaja, ya ce in ƙara mata ƙwayar kwantar da hankali a cikin kifi. Ni kuma zuciya gare ni, kowa a gidanmu ya sani. Na cire usur na tsoma masa a kofin shayinsa, na fita. Washegari na dawo da kwali, na rubuta a mayar da Arong teku, na tsaya a bakin ƙofa. Asabar da Lahadi wasu 'yan ƙungiyar kare dabbobi sukan zo su tsaya tare da ni. Sauran kwanakin ni kaɗai ce, masu yawon buɗe ido suna kewaye ni kamar rami a kan hanya.

Ina cikin wata na biyar da tsayuwa, bas ta sauke tsofaffin ƙauyenmu, an kawo su yawon shekara. Na so ƙasa ta tsage in shige. Duk suka wuce kai a sunkuye, kunya ta kama su a madadina. Dok-im ce kaɗai ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tambaya ko na ci abinci, ba ta jira amsa ba ta shige. Ba a kai rabin wasan ba sai ga ta ta fito ita kaɗai.

"'Yar Ok-hwa, ruwan can gaba nawa ne?"

Na ce gaba uku ne, a inda ya fi zurfi. Ba ta ji ba, sai da na ɗaga mata yatsu.

"Gaba uku," ta ce, da muryar da har mai sayar da tikiti ya leƙo. "Ko ni lokacin da nake jego na fi haka sauka. Shekara nawa tana ciki?"

Na ce goma sha ɗaya. Ta zauna a kan dakalin da ke gefena, ta ciro lemo daga jaka ta ɓare, ta miƙo mini rabi. Ba ta yi zancen zalunci ba, ba ta yi zancen haƙƙin dabbobi ba, har yau ban taɓa jin waɗannan kalmomi a bakinta ba. Ita dai a wurinta an ɗauki mai nutso an hana ta zurfi, magana ta ƙare.

Daga ranar, duk lokacin da iska ta hana shiga ruwa, sai ta hau bas biyu ta zo ta same ni. Ta ƙi riƙe kwali, ta ce hannu na aiki ne. Tafarnuwa take zuwa da ita a roba, ta zauna tana ɓarewa, duk wanda ya shiga layi ta ɗaga kai ta tambaye shi ko ya san zurfin ruwan da zai shiga kallo. Wasu su yi dariya, wasu su janye 'ya'yansu, wasu kuma su tsaya su tambaye ni. Masu gadi sun sha zuwa suna roƙon ta rage murya, ita kuma ta kama kunne ta ce su ƙara tasu. A nan kurumtar ta yi mata rana.

Ita ce ta ɗauki takardar kokenmu ta kai bultok, zagayen dutsen da matan ke jin wuta a ciki in sun fito daga ruwa. Mata goma sha ɗaya suka rage masu nutso a ƙauyenmu. Cikinsu akwai Samchun Mal-nyo, ƙawarta tun suna yara, kuma wadda ba su taɓa kwana biyu ba su yi faɗa ba.

"Tsufa ya sa kin koma bin ɓarayi," in ji Mal-nyo. "Wanda ya fizge miki muno bara, wa ya sani ko ƙanin wannan ne."

"To a dawo da ita ta yi satarta a gida," in ji Dok-im.

Duk suka buga hatiminsu, har da Mal-nyo, tana bugawa tana mita. Daga nan takardar ta bi bultok-bultok har ta zagaye rabin tsibirin. Kwalina ya yi wata da watanni ba wanda ya ko kalle shi da kyau, amma da koke ya isa ɗauke da hatimin tsofaffin da suka ƙare rayuwarsu a ruwa, sai aka fara kiran waya. An ɗauki shekara ɗaya da rabi ana kai-kawo kafin kotu ta ce ba bisa ƙa'ida aka kama Arong ba, a mayar da ita teku idan za ta iya rayuwa a cikinsa.

Wannan "idan" ɗin shi ne wahalar. Dole a fara ajiye ta a wani babban keji na raga a cikin teku, ta sake koyon abin da aka mantar da ita. Kowane ƙauye yana da nasa yankin ruwa kamar gona, kuma ƙauyuka biyu suka ƙi, suka ce keji zai ɓata musu wurin aiki. Dok-im ta ba da namu, bayan Baƙin Dutse, inda katantanwa ta fi ƙiba. Mal-nyo ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwarta.

Wanda aka ɗora wa aikin wani likitan dabbobi ne daga Seoul, Dokta Pyon, siririn mutum mai yawan ba da haƙuri. Ya tara mu ya ce kwana sittin aka bayar, sharaɗi kuma biyu ne: Arong ta kama kifi mai rai ta ci da kanta, kuma ta daina neman abinci a hannun mutum. Idan ba ta yi ba, motar da ta kawo ta za ta dawo ta mayar da ita cikin siminti, domin dolfin da ke bin jirage yana roƙo, farfela ce ko koma za ta kashe shi. Ni ya hana ni kusantar kejin, ya ce a idon Arong fuskata bokiti ce. Gaskiya ya faɗa, amma ta yi mini zafi. Aka ba ni madubin hangen nesa in riƙa dubawa daga tudu da safe ina rubutawa. Da hantsi kuma sai in sa rigar roba in shiga ruwan 'yan koyo, can ɗaya gefen inda ba zurfi, domin kwali ba ya cika tukunya. Haka na karya rantsuwata.

Kwana talatin da takwas suka wuce Arong ba ta ci kifi mai rai ko ɗaya ba. Za a zuba mata su, ta bi ɗaya ta kama, ta wulla shi sama kamar ƙwallo, ta kawo shi bakin keji ta saki, ta buɗe baki tana jira. Abin mamaki kuma ba ta rame ba. Dokta Pyon ya yi ta juya hotunan kyamararsa yana sosa ƙeya, ya ce ƙila tana tsintar abin da ke shigowa ta ramukan raga, amma kwamitin da zai yanke hukunci ba ya aiki da ƙila. Ni kam barci ya ƙaurace mini. Duk babbar motar da ta wuce a titin bakin teku sai in tashi in leƙa.

Ciwon kunne ne ya tona asirin. Ranar ya hana ni shiga ruwa, na zauna a tudu da madubina har azahar, lokacin da jirgin ma'aikatan kejin ke tafiya ɗauko kifi, matan kuma ke dawowa ɗai-ɗai, kowace tana tura goranta. Sai na ga Arong ta bar tsakiya ta koma kusurwar waje ta tsaya. Wani gora mai jan ƙyalle ya biyo ta wurin, ya rage tafiya, hannu ya ɗaga, wani abu ya faɗa cikin keji. Gora ɗaya ne mai jan ƙyalle a ƙauyenmu. Ban tsaya ganin sauran ba, na jefar da madubin na gangara.

Na jira har suka taru a bultok, na shiga kamar guguwa. A gaban kowa na tambayi Dok-im me ta jefa a keji. Ta ci gaba da matse gashinta kamar ba da ita nake ba.

"Ba a tambayar wannan, 'yar Ok-hwa. Uwarki ba ta koya miki ba?"

Na ɗaga murya, rabi saboda kunnenta, rabi saboda zuciyata. Na ce saura kwana ashirin da biyu, kuma muddin cikin Arong na cika daga hannun mutum, ba za ta taɓa haɗiye kifi mai rai ba.

"Ni kaɗai ce," ta ce. "Muno ɗaya a rana, ko jariri ba zai ƙosar ba. 'Yar koyo ce, ragarta wofi. In wuce ta ina kallon sama?"

Mal-nyo ta yi tari, ta gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. "Wane ke kaɗai. Ni tun kwana na uku nake jefa mata."

"Ke da kika ce ɓarauniya ce?"

"To ɓarauniya ba ta jin yunwa ne?"

Daga nan sai aka shiga sunkuyar da kai. Wannan ta ce ita kifin da ta soka da mashi take ba ta, waccan ta ce ita sai ranar da ta samu da yawa. Cikin mata goma sha ɗaya, tara suna yi, kowace tana zaton ita kaɗai ce, kowace tana jan jiki a baya har sai ta ga ba mai kallo. Biyun da suka rage suka ce su ma sun gwada, kafaɗa ce ta ƙi kai jifan. Aka fashe da dariya, har da ni, ina cikin dariyar ta juye ta zama kuka. Na ba su labarin simintin, da ƙwayar da nake cusawa a cikin kifi, da haƙoran. Ban taɓa faɗa wa kowa a ƙauye da bakina ba sai ranar.

Dok-im ba ta ba da haƙuri ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba. Ta goya kayanta ta tafi gida. Na kwana da nadama, domin na tsinka babba a gaban mutane, kuma a kan abin da ya raya mata 'ya'ya. Na ɗauka na rasa ta ke nan.

Da safe muka tarar ta riga kowa zuwa bultok, da guntayen igiya a cinyarta. Ta raba wa kowace mace ɗaya. Ta ce kafin a iso Baƙin Dutse kowa ta ɗaure bakin ragarta ɗauri biyu, a wuce tare, nesa da keji, fuska tana kallon tudu.

"Daga yau ba 'yar koyonmu ba ce," ta ce. "Ta garken can ce. Ba a yi wa baƙin nan gesok."

Ta juya ta miƙa wa Mal-nyo tata igiyar, ta ce ita za ta riƙa ɗaure mata, don ba ta yarda da hannunta ba. Mal-nyo ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta dubi fuskarta, ta karɓi igiyar. Da na gaya wa Dokta Pyon abin da ke faruwa, sai ya zauna a kan akwatin ƙanƙara ya riƙe kai, ya ce shekara goma sha biyar yana karatun dabbobin nan, ba littafin da ya gargaɗe shi game da tsofaffin Jeju.

Kwana biyar Arong ta yi tana kuka a kusurwar nan. Kukan dolfin a cikin ruwa yake tafiya, ba a iska ba, duk mai nutso tana jin sa. Dok-im da ba ta jin ƙarar waya a aljihunta ta ce ita a haƙora take jin sa. Ta daina cin abincin rana. A kwana na huɗu na dafa faten shinkafa na kai mata gida, na same ta zaune a bakin ƙofa tana kallon gonar lemo. Ta ce in ajiye. Sannan ta ce da waɗanda suka zuba mata a wancan lokacin sun ɗaure ragarsu, da ba ta san inda yaranta suke yau ba.

"Ban taɓa ganin hannun ba," ta ce. "Amma muno ɗin kullum an ɗaure masa hannuwa da zaren ciyawar teku, kada ya sulale ta ramin raga. Mace ɗaya ce a ruwan nan take wannan wahalar."

Na san ɗaurin. Na girma ina warware shi a jikin munon mahaifiyata a bakin murhun gidanmu. Na ce mata ta yafe mini abin da na yi a bultok, ta kama kunne ta ce ba ta ji ba, ta jawo kwanon ta ci cokali uku.

A kwana na shida Dokta Pyon ya kira ni. Arong ta bi kifi har ƙasan keji, ta juya shi ta kai, ta haɗiye. Kafin kwana sittin su cika ta koma ba ta ko ɗago kai in jirgin ma'aikata ya zo. Aka yanke raga wata safiya ba taro ba kiɗa, ta yi ta zagaye a ciki kusan awa guda kamar ba ta ga ƙofar ba, sannan ta fita. Amma sharaɗi na biyu bai mutu ba. Wata uku jirgin Dokta zai riƙa bin ta, in aka gan ta tana karɓar abinci a hannun mutum, za a kamo ta.

Kwana goma sha biyu da sakin ta muna ruwa, lokacin an fara barina in bi manya ina gefe. Jirgin Dokta yana can nesa. Sai Mal-nyo ta hango garke, sun kai ashirin, kowa ta rungume goranta aka fara kiran nan na kullum. Duk suka nutse suka wuce ta ƙarƙashinmu, sai guda ɗaya. Ta nufo ni kai tsaye, ta miƙe a ruwa kamar yadda na koya mata, ta buɗe baki. Ga haƙoran nan da suka cinye. Shekara tara hannuna ya yi yana amsa wannan bakin, kuma ban san lokacin da ya ɗaga ba.

Gora mai jan ƙyalle ne ya shiga tsakaninmu. Ban san yadda mace mai shekara saba'in da shida ta taho da saurin nan ba. Arong ta juya gare ta, domin wannan hannun ma ta san shi. Tun da aka cire keji mun daina ɗaure raga, kuma a ragar Dok-im akwai muno ƙato da ta kamo da safen. Ina kallon hannunta ya sauka a kansa, ya tsaya. Sannan ta zare igiyar daga wuyan hannunta, ashe tun da aka daina ɗaurin a nan take ajiye ta, ta ɗaure bakin ragar ɗauri biyu da kanta. Ta juya fuska tana kallon tudu.

"Ta ƙasa," ta ce. "Ta ƙasa."

Ba da tsawa ta faɗa ba. Yadda ake faɗa wa kowane dolfin ta faɗa mata. Sauran matan suka karɓa ɗaya bayan ɗaya, saura ni kaɗai. Arong ta dawo da kanta wajena, baki a buɗe.

"Faɗi, 'yar Ok-hwa," in ji Dok-im, ba ta waiwayo ba. "Naki take jira."

Na mayar da hannuna kan gora, na faɗa. Ta tsaya kamar tsawon numfashi biyu tana kallona, sannan ta rufe baki ta nutse. Na ji ruwan ya ture mini ƙafafu lokacin da ta wuce. Na dulmiya fuskata ina kallon ta tana sauka, ta wuce gaba uku, ta wuce inda nake iya kaiwa, ta wuce inda nake iya gani.

Dokta Pyon ya rubuta cewa ta kusanci masu nutso, ba a ba ta komai ba, ta tafi da kanta. Ta sake zuwa sau biyu a watan, kowane zuwa tana tsayawa nesa da na baya, daga nan ta daina. Motar ba ta dawo ba. Yanzu in garken ya wuce ba kullum nake iya bambance ta da sauran ba, kuma wannan shi ne abin da na tsaya a bakin ƙofa ina nema. Dok-im har yau tana shiga ruwa in iska ta kwanta, kuma har yau in aka tambaye ta game da dolfin, ɓarayi take cewa.

Amma ranar, bayan garken ya ɓace, muka koma aiki, don ruwa ba ya jira. Na cika ƙirji na sauka, idona bai ga komai ba saboda hawaye a cikin gilashin nutso, na taso hannu wofi. Da na kama gorana sai na ji ragar ta yi nauyi. Dok-im tana can nesa ta juya mini baya, tana faɗa da Mal-nyo a kan wani dutse da kowace ke cewa ita ta fara gani. Na leƙa ragar. Muno ne, ƙaton nan, an ɗaure masa hannuwa da zaren ciyawar teku.

Ba a tambaya, ba a godiya. Shekara huɗu ke nan ban yi ko ɗaya ba, kuma kullum suna cikin bakina.